Da gaske CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ce ke zaɓar wanda zai ɗauki kofi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tun a ofis ake gama wasa, kamar yadda ake faɗa a majalisarku ta Garwa. Ni ban yarda ba. Tuna 2008: Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa a Kamaru, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta ci ta 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa. Wa ke shugabantar CAF a lokacin? Issa Hayatou, haifaffen Garwa! Da da hannunsa a ciki, ai da kofin ya kwana a garinmu.

Alƙalin wasa yana kuskure, wani ma yakan karɓi na goro, kuma abin na yi mini ciwo. Amma duk wanda ya ce an sayar da wasa, ka ce ya kawo shaida kafin ya ɓata sunan bawan Allah.