Amsa: basba biyu ko bireka ɗaya da rabi a tashar 330kV?

Salam ɗan'uwa, ka ce kana rubuta furojet kuma ka rasa wanne za ka zaɓa tsakanin basba biyu da bireka ɗaya da rabi, wato tsarin haɗa layukan wuta a tashar lantarki. Basba (ko bas) ita ce sandar ƙarfen da layuka ke haɗuwa a kanta, bireka kuma makunnin da ke yanke wuta in an samu matsala. To ai abin duba shi ne me zai faru ranar da aka samu matsala.

Basba ɗaya kam bar shi wa ƙananan tashoshin 33kV, araha gare shi amma folt (matsalar wuta) ɗaya a jikin bas ɗin kowa ya shiga duhu. Basba biyu da bireka ɗaya ga kowace fida (layin da ke fita daga bas) ya fi, kana iya kwashe fidoji daga wannan bas zuwa wancan ta aisoleta (makunnin ware layi) in ka jona kofila (birekar da ke haɗa bas biyun) tukuna, sai dai fa ranar gyaran bireka dole layin nan ya sauka sai in akwai baifas (hanyar da wuta za ta bi ta kewaye birekar).

Ni a 330kV bireka ɗaya da rabi nake so wallahi. Bireka 3 ne a jere tsakanin bas biyu, layi 2 na fita daga tsakaninsu (kowane layi ya samu ɗaya da rabi ke nan), ka cire kowace bireka ka yi mata gyara layi na nan da wuta, ko bas guda ya faɗi gaba ɗaya ba wanda ya sauka. Matsalarsa kuɗi, ga saitin rile (na'urar da ke gano folt ta sa bireka ta buɗe) mai cin rai, don in birekar tsakiya ta ƙi buɗewa lokacin folt layi biyun duka za su tafi.

Layi nawa ne a tasharka? In 4 ne zuwa 6 duba tsarin zobe ma, wato a jera bireka kamar da'ira, layi na fita tsakanin kowace biyu.