Amsa ga 'yar'uwar da yayanta ke tsare yana fama da kumburin wuya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah ya ba yayanki lafiya, ya kuma fitar da shi. Kin ce shekarunsa 43, yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a, kumburi ya fito masa a gefen wuya wata biyar ke nan, ga zazzaɓi da gumin dare da rama, an sa shi kan maganin tarin fuka wata uku amma babu sauƙi. Tambayarki ita ce ko ana gwajin ciwon daji a gidan yari, da yadda za ki yi a duba shi.

Gwaji iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai na tantance mai lafiya tun kafin ya ji komai, kamar duba bakin mahaifa ga mata. Wannan da wuya ki same shi a tsare a gidajen yarinmu, sai dai in wata ƙungiya ta kai ziyara. Yayanki ya wuce nan. Shi yana da alamu, don haka abin nema shi ne a ciro tsokar kumburin a duba ta a ɗakin awo. Gwajin jini ba zai faɗi ko daji ne ba, hoto ma ba zai faɗa ba. Asibitin cikin gidan yari kuwa ba ya wannan aiki, dole a fitar da shi.

Ban ga laifin wanda ya fara zargin tarin fuka ba. A ɗakin da aka cusa mutane fiye da ƙima, kaluluwar wuya da gumin dare tarin fuka ne a mafi yawan lokuta. Matsalar ita ce dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, da irin wannan rigar yake zuwa. Shi ya sa ake son amsar abu uku. Da wane gwaji aka tabbatar da tarin, an yi GeneXpert, gwajin na'ura mai gano ƙwayar tarin fuka, ko hasashe aka yi? Yana samun ƙwayoyin kullum, kuma daidai da nauyinsa? Babba mai kilo 38 zuwa 54 ƙwaya uku yake sha, mai 55 zuwa 70 huɗu. Ki tambaye shi ko fitsarinsa na yin ja-ja bayan ya sha, don rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin, haka yake yi. Na uku, ana auna nauyinsa? Mai tarin fuka da magani ya karɓa, cikin wata biyu zazzaɓi ke sauka, cin abinci ya dawo. In wata uku ta wuce yana ƙara zubewa, ko dai tarin mai bijire wa magani ne, ko maganin ba ya shiga cikinsa, ko kuma ba tarin ba ne sam. Kada dai ya daina sha da kansa.

Yanzu hanyar fita. Magana ta baki a bakin ƙofa ba ta fitar da kowa. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban gidan, ki faɗi ranar da kumburin ya fara, girmansa, da maganin da aka ba shi, ki nemi a tura shi asibitin koyarwa ko babban asibitin gwamnati. Kwafi biyu: a buga wa naki hatimin karɓa da kwanan wata. Ki ga jami'in walwala da ma'aikacin lafiyan gidan, domin takardar turawa daga hannun na lafiyan take fitowa. In mako biyu ya wuce shiru, lauyansa ya rubuta wa Kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha, ya kuma tayar da maganar a gaban alƙali. In babu lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ba a biyan kuɗi. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce fursuna na da haƙƙin kulawa daidai da ta mutanen gari, kuma likita ne ke yanke hukuncin jinya, ba gandiroba ba. A aikace dai, ki shirya aljihunki, iyali ne ke ɗaukar yawancin kuɗin. Duk abin da kika biya a asibiti ki karɓi rasiti.

Fitar da ɗan jiran shari'a na buƙatar mota da masu rakiya, sau da yawa kuma motar kotu ce. Saboda haka ki riga su zuwa asibiti: ki buɗe kati, ki tambayi ranar da likitocin tiyata ko na kunne da maƙogwaro ke zama, ki tabbatar ba ta ci karo da ranar kotu ba. In aka iso da shi ƙarfe ɗaya na rana, an tashi, sai wani makon.

A zuwan farko ki roƙa a haɗa komai: ƙidayar jini, gwajin ƙanjamau, na ciwon hanta nau'in B, na ƙoda, hoton ƙirji da hoton ciki. A leƙa masa hanci da maƙogwaro, musamman in yana haɓo ko kunne ɗaya ya toshe, domin dajin bayan hanci kan fara bayyana a wuya. Yana da haƙƙin likita ya gana da shi ba tare da mai rakiya na sauraro ba, kuma shi ne zai sa hannu a takardar amincewa.

Ga wurin da aka fi yin asara. Zuƙo ruwan kumburi da allura yana da sauri da araha, yana kuma kama tarin fuka, amma ga limfoma sau da yawa ba ya isa. An fi so a ciro kaluluwa guda sukutum. A raba ta biyu: kashi ɗaya cikin fomalin, wato sinadarin adana tsoka, don duba ta, ɗayan cikin ruwan gishiri na asibiti don gwajin tarin fuka. In aka zuba duka a fomalin, ƙwayoyin tarin sun mutu, ba za a iya rainonsu a san maganin da suke ji ba. Sannan ki ja kunnensa kan firednisolon da deksametazon, waɗanda ake saye a kemis don ciwon jiki ko neman ƙiba. Suna narkar da limfoma na ɗan lokaci, kumburin ya sace, kowa ya yi hamdala, a ciro tsoka a ga ba komai, bayan makonni ya dawo da ƙarfi. In ya riga ya sha, a gaya wa likita.

Sakamako kan ɗauki mako biyu zuwa uku, wani lokaci a nemi ƙarin awo don sanin nau'in. Ba wanda zai kai shi gidan yari. Ki rubuta lambar kwalbar da ta katinsa, ki je ki karɓa, ki yi kwafi uku: na asibitin gidan, na lauya, naki. In aka sauya masa gidan yari, fayil ba ya cika bin mutum.

In ya tabbata daji ne, kada gwiwa ta yi sanyi, limfoma na cikin waɗanda ake warkewa, musamman nau'in Hojkin. Sai dai allurar daji na karya garkuwar jiki, ta fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a lokacin na buƙatar asibiti a daren, alhali an kulle ɗaki tun yamma. Wannan ita ce hujjar neman beli. Sashe na 161 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ba alƙalin babbar kotu damar ba da beli ko da a laifin da hukuncinsa kisa ne, in likitan asibitin gwamnati ya tabbatar da ciwon, aka kuma nuna inda ake tsare da shi ba za su iya jinyarsa ba. Lauya ya duba abin da dokar jiharku ta ce. Ki nemi likitan ya rubuta sunan ciwon, yawan zagayen allura da tazararsu, da haɗarin cunkoso gare shi, ya sa hannu da hatimin asibiti. Takardar da ta ce "ba shi da lafiya" kawai ba ta motsa kotu.