Rogon da ba ya fure, da batun shuka 'ya'yansa

Malam, ka tambayi dalilin da rogon maƙwabcinka a fadamar Wurno yake fure har ya yi 'ya'ya naka bai taɓa yi ba, kuma ko shuka 'ya'yan zai ba ka iri mai kyau. Kada ka zargi taki ko ban ruwa. Abin gado ne.

Je ka tsaya gindin rogonsa ka dubi inda karan ya rabu biyu ko uku. Daidai cikin wannan gwafa furen ke fita, domin ƙoƙon tohon shi ne ke juyewa ya zama fure, sai rassa su ɓullo ta gefensa. Irin da ke rassa da wuri yana fure da wuri, wanda ke miƙewa sambal kamar irin da ake kira TME 419 kuwa yakan daɗe, wani ma har a tone shi bai yi ba. Mu manoma mun fi son miƙaƙƙen saboda yana ba da kara mai yawa na dashe kuma ana iya shuka wani abu a tsakaninsa, ga shi kuma shi ne ya fi wahalar da masu kyautata iri.

A cikin ganye akwai ƙwayar gado da masana ke kira FT. Ita ke haɗa sinadarin da ke bi ta jijiyar shuka zuwa kan toho ya ba shi umarnin fure. Rogo na da biyu, MeFT1 da MeFT2, sannan akwai wata, TFL1, mai danne umarnin. An gwada ƙarfafa FT a wani iri mai lamba 60444, sai ya yi fure tun yana ƙarami, amma rassa suka yi yawa, saiwa ta ragu. Abincin da zai sauka ƙasa ya tafi sama ke nan.

Zafi ma na danne fure. Rogo ya fi yinsa a yanayi mai ɗan sanyi, wajen digiri 22, mu kuma a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu mukan haura 40. Ko cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan takan kai aikin barbararta, wato haɗa furen namiji da na mace don samun sabon iri, Ubiaja ta jihar Edo saboda rogo ya fi fure a can. Masu bincike kan taimaka masa da jar fitila da dare don tsawaita haske, ko su tsinke ƙananan rassan nan da zarar gwafar ta bayyana, tunda furen gwafar farko yawanci zubewa yake idan rassa suka rinjaye shi.

In kana son gwada barbara da hannunka, fure mace na ƙasan zangarniya, ta fi girma, kuma tana buɗewa kwana 10 zuwa 14 kafin mazan da ke samanta. Da safe ka rufe wadda ta kusa buɗewa da 'yar jakar yadi don kada ƙudan zuma ya riga ka. Bayan azahar ka tsinko namiji daga irin da kake so, ka goga ƙurarsa mai ruwan ɗorawa a kanta, ka ɗaura alama. Ɗan yana nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku, ƙwaya uku ce iyakarsa, sau da yawa ma ɗaya ake samu. Sa masa jakar raga tun yana ɗanye, don in ya bushe fashewa yake ya watsar da ƙwayar. Ajiye ta wata biyu zuwa uku kafin shuka. A nan zafinmu ya yi rana, domin ta fi tsira a ƙasa mai ɗumi, digiri 30 zuwa 35.

Sai dai ka sani, ƙwaya ba ta maimaita uwarta. Gadon rogo a cakuɗe yake ƙwarai, kowace ƙwaya sabon iri ce, kuma akasarinsu ba su kai iyayen ba. Uwa mai zaƙi da ake dafawa a ci da garin ƙuli tana iya haifar mai ɗaci, wanda gubarsa ke da haɗari, don haka kada a ba yara saiwar rogon ƙwaya ba a tantance ba. Kada kuma ka yanke hukunci da girbin farko. Sare karan waɗanda suka burge ka, ka dasa, ka sake dubawa shekara biyu ko uku.

Ta wannan hanyar aka shigar da juriyar cutar da farin ƙuda ke yaɗawa, mai murɗe ganye ta yi masa dabbare-dabbare, aka kuma samu rogo mai ruwan ɗorawa mai bitamin A da aka fitar a Nijeriya a 2011. Aikin kan ci shekara takwas zuwa goma. Don gonar da za ta ciyar da gida, ci gaba da dasa kara daga lafiyayyar shuka, ƙwayar kuma ka ware mata kunya ɗaya a gefe.