Muryar Anti kan littafin da jami'a ta aiko wa Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maman Ummi, na ji tambayarki, wai jami'ar Amurka da ta ɗauki Ummi ta aiko mata littafi kan abinci ta karanta kafin ta iso, ko girki za su koya mata, kuma ko dole ne.

To, ba girki ba ne Hajiya. Al'ada ce ta jami'o'i da yawa a nan Amurka. Sai su zaɓi littafi guda, duk sababbin ɗalibai su karanta a hutun bazara, mai shirin likitanci da mai injiniya duk ɗaya. In sun iso wajen ƙarshen Agusta a raba su ƙungiya-ƙungiya, malami ya zauna da su a tattauna. Galibi ba jarrabawa, amma wani malamin Turanci yakan ce a yi rubutu a kai.

Wanda kika turo hotonsa, The Omnivore's Dilemma na Michael Pollan, ya fito a 2006. Mutumin bin diddigin abinci ya yi, daga faranti har gona. Kuma fa abin da ya tarar masara ce ko'ina. Naman da ke cikin boga, saniyar da masara aka kiwata ta, alhali cikinta na ciyawa ne, sai ta riƙa ciwo ana ɗirka mata magani. Zaƙin lemon kwalba, daga masara aka tatso. Kaza ma masarar ta ci. Gwamnati na tallafa wa manoman masara, ta yi arha, shi ya sa ake cusa ta a komai. Mu da muka san masara a tuwo da gasasshiya a bakin titi, wallahi sai ki riƙe baki.

Kar ki ɗauka ƙaramin littafi ne. A 2009 Jami'ar Jihar Washington ta sayo shi don sababbin ɗalibanta, sannan ta fasa shirin, ta ce ba kuɗi. Mutane suka yi zargin tsoron manyan masu harkar noma ne. Sai da wani lauya, Bill Marler, tsohon ɗalibinsu, ya ce zai biya kuɗin kawo marubucin, sannan aka dawo da shi.

Ni dai a ganina ta karanta, ko rabi ne. Yaranmu sukan yi shiru a zaman farko saboda kunya, alhali Ummi ta ga surfe, ta ga an kai niƙa, ta san yadda ake yanka rago. Yawancin 'yan ajinsu a leda kawai suka san nama. In aka zo wannan magana ita ce mai abin faɗa.

Batun naman halal kuma daban ne, littafin bai shafe shi ba. Wannan ta rubuta wa ofishin abincin ɗalibai tun yanzu.