Kafin ka tafi jami'a da sarewar Turawa

Ɗana, ka kawo mini wannan sarewar roba da kuke ce wa flûte à bec, ka ce in ka ci bak, jarrabawar gama sakandare, kana so ka je jami'a ka karanci busa ta har ka ci abinci da ita, kana tambaya ko ya dace. Zauna ka ji.

Na juya ta jiya bayan tafiyarka. Huda 7 a gaba, ɗaya a baya ta babban yatsa, bakin kuma an riga an gyara mata shi, ko ɗan lakkwal ya hura sai ta yi kuka. Tamu sarewar sai ka karkata ta, ka matse leɓe, ka yi wata kana zubar da iska kafin ta amsa maka. Amma kada ka raina ta Turawan. Da ka ƙara iska kaɗan muryarta ta haura, da ka rage ta faɗi. Maganar ɗora yatsu kuwa ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Kiɗan da aka rubuta mata na makaɗan Turai ne, su Bach da Telemann da Vivaldi, yau kusan shekaru 300, kuma manyan makarantun da ke koyar da ita suna Turai, irin su Amsterdam da Basel. To in ka dawo Damagaram wa zai kira ka? Ranar hawan salla a Birni algaita da kakaki ke gaban Sarki, muryar wannan ko zaure ba za ta ƙetare ba. Yakuba Mumuni na ƙungiyar kiɗan Mamar Kassey ta Nijar da sarewar gargajiya ya zaga duniya.

Duk da haka ban ce kada ka yi karatu ba, kuma ga dalilina. A zamanin kaset wani mutum ya sauka gidan nan da na'urar ɗaukar murya, da tafinta, da baki mai zaƙi. Ya ce kiɗan Damagaram yake tarawa don kada ya ɓace. Kwana 3 ina yi masa busa a ɗakin can na soro, an toshe taga da bargo don kukan awaki. Na ba shi taken da mahaifina ya koya mini, wanda ba a busa shi sai a gaban manya. Leɓena ya tsage har jini ya ɓata bakin algaita, ban tsaya ba. Ran tafiyarsa ya fito da takarda shafi biyu da Faransanci, tafinta ya ce shaidar karɓar kuɗi ce. Na dangwala yatsa, aka miƙo mini jika 20, aka ce za a aiko mini da tikitin jirgi. Na ɗinka babbar riga don tafiyar, tana nan cikin akwati. Bayan shekaru wani ɗan uwanmu ya dawo daga waje da faifai. Na ji numfashina a ciki, na ji inda na ɗan sarƙe a take na biyu, amma sunana babu. Da na kai takardar aka karanta mini, ashe na sayar da komai har abada. Taken ubana, a jika 20! Har yau in na tuna, abinci ba ya shiga.

Saboda haka je ka, ko Yamai ce, cibiyar CFPM Taya tana koyar da kiɗa tun 1989. Ka iya karanta rubutun kiɗa, ka iya karanta kwantiragi, duk abin da ka ƙirƙira ka kai BNDA, ofishin kare haƙƙin masu ƙirƙira na Nijar, a rubuta da sunanka.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, wata 8 kana gidan nan, har yau ba ka iya shaƙar iska ta hanci kana busa da kumatu ba, amma waya ba ta barin hannunka, kuma har kana maganar digiri. Gobe bayan asuba ka zo da ƙoƙon ruwa da siririn kara. Za ka hura har kumfa ya daina yankewa.