Inda inabi ke komawa giya, da inda muke tsayawa

Kawu, barka da war haka. Ka tambaya ko gaskiya ne yaranmu da ke Italiya aikin giya suke yi, tunda kowace kaka suna gonakin inabi. Ka kuma ji an ce akwai wata jar giya sabuwa da ba a tsima ta a gangar katako ba, wai ita ba ta bugarwa. Bari mu fara da yadda ake yin ta, sauran amsar a ciki take.

Girbin, wanda Italiyawa ke kira vendemmia, daga ƙarshen Agusta ne zuwa Oktoba. Gonaki da yawa na iyali ne, uba da 'ya'ya, sunan gidansu a jikin kwalba, ɗakin sarrafawa kuma, wato cantina, a gindin gida. Da almakashi ake yankan inabin a jera a akwatin roba mai cin kilo 20 ko ƙasa da haka. Ba a danna shi, don in ya fashe rana ta buge shi, tun a gona zai fara tsami.

A cantina inji ke cire tsinkayen ya farfasa 'ya'yan. Ruwan da ya fito, mosto, zaƙi ne zalla, sukari wajen giram 200 zuwa 230 a kowace lita, babu maye ko kaɗan. Launin ma a ɓawo yake, shi ya sa ake zuba ruwa da ɓawo tare a tankin ƙarfe mara tsatsa. A nan yis ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa: kimanin giram 17 a lita ke ba da kashi 1 cikin 100. Kwana 5 zuwa 10 an gama, ana riƙe zafin tsakanin digiri 22 da 28. Ɓawon yakan taso sama ya yi tudu, sai a riƙa janyo ruwa daga ƙasa ana kwarara masa safe da yamma. In aka yi sake ya bushe, khal zai kama tankin. In zafi ya haura 35, yis ya mutu, aiki ya tsaya rabi da rabi. Bayan an tace, giyar ta kwana 'yan watanni a tanki, sai kwalba. Kilo 100 na inabi yakan ba da lita 70.

To ka gani, Kawu, ganga ba ta da hannu a maye. Ƙamshi da ɗanɗanon ice take ƙarawa, bayan barasar ta riga ta samu. Dolcetto ta Piemonte, Bardolino ta bakin tafkin Garda, Frappato ta Sisiliya, duk akan yi su a tankin ƙarfe don ɗanɗanon inabin ya fito fes, amma barasarsu kashi 12 zuwa 13 ce, ninki biyu da wani abu na giyar kwalba da ake sayarwa a gida. Wanda ya ce maka ba ta bugarwa bai karanta jikin kwalbar ba.

Game da aikin, ba baki ɗaya muke ba. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matse ta da mai ɗaukar ta, kowa ya san shi, don haka ƙofar cantina ce iyakar akasarinmu. Wasu na yankan inabin a gona su tsaya nan. Wasu ko wannan ba sa yi tunda sun san inda zai ƙare, sai su nufi inabin ci a Puglia, tuffa a Trentino ko tumatir a Foggia. Wanda lalura ta kai cantina, gargaɗin da muke masa na rai ne: tankin da yis ke aiki a cikinsa yana fitar da iska mai nauyi, marar launi, da ke kwanciya a ƙasa. Leƙa kai ciki ko shiga wanki ba tare da an busa iska ba ya kashe ma'aikata.

Inda aka fi tuntuɓe ma ba gona ba ne, teburi ne. Italiyawa na yayyafa giya a shinkafarsu ta risotto da miyar nama ta ragù, kuma dahuwa ba ta kore barasar duka, sai an tambaya. Mai gida in ya miƙo kofi, "sono astemio", wato ba na sha, ta wadatar, ba ya jin haushi. A kanti muna duba lambar da ke kafin "% vol", don doka ta tilasta rubuta ta da zarar barasar abin sha ta wuce kashi 1.2 cikin 100. Akwai sunaye biyu masu ruɗi: vincotto na Puglia mosto ne da aka dafa ya yi kauri kamar zuma, amma vino cotto na Marche an bar shi ya tsimu bayan dahuwar, giya ce sosai. Khal kuwa, har da balsamico na Modena, yawancinmu na ci bisa mazhabar Malikiyya.

Mosto ɗin kansa mukan saya mu sha, sai dai ba ya jira. Kamar kunun zaƙi ne a lokacin zafi: kwana ɗaya zuwa biyu a waje ya fara kumfa, ya soma tsikarin harshe, to ya juya ke nan. Mai son ajiya sai ya tace shi a ranar, ya zuba a kwalabe masu tsabta, ya bar rata yatsa biyu a wuya, ya rufe, ya jera su a tukunyar ruwa mai zafin digiri 80 na minti 20. Kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya, zubarwa ake yi.