Fim ɗin duka zalla, me ake yabo a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yayana mun kalli The Raid, muka yi ta musu har dare ya raba. Shi ya ce wannan ba fim ba ne, dambe ne kawai aka ɗauka. Ni kuwa sau uku na kalle shi. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yayanka ba shi kaɗai ba ne. Marigayi Roger Ebert, shahararren mai sharhin fina-finan nan na Amurka, tauraro ɗaya tal ya ba shi cikin huɗu. Labarin kam bai taka kara ya karya ba: 'yan sanda sun kutsa wani dogon bene a Jakarta don kamo uban 'yan daba, aka rufe su a ciki. Shi ke nan.

Amma a bikin fina-finai na Toronto a 2011, 'yan kallo shi suka zaɓa gwarzon sashen fina-finan da ake nunawa da tsakar dare. Ni ma ina bayansu.

Abin da aka kashe a kansa bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, kuɗin da a Hollywood ko sallamar jarumi ɗaya ba za su yi ba. Gareth Evans, ɗan yankin Wales da ya ba da umarni, ba shi da halin farfasa motoci da jirage. Abin da yake da shi mutane ne da suka iya pencak silat, salon faɗan Indonesiya. Jaruminsa Iko Uwais ma direban wani kamfanin waya ne kafin fim ya ɗauke shi. Saboda haka kyamara take barin ka ga jikin mutum gaba ɗaya. Ka tuna faɗan adduna a lungun benen nan: kana ganin inda gwiwa ta taso da inda ta sauka, ba a yi maka rufa-ido da yanke-yanken hoto ba. Ranar da na fara kallonsa, sai da na tsinci kaina ina kauda kai kamar ni za a sara.

Jinin dai ya yi yawa, kada ka kunna shi a gaban yara.

Yayanka kuwa, ka ja shi ku sake kallon faɗan ƙarshe, inda wa da ƙane, wato jarumin fim ɗin da wansa, suka taru a kan Mad Dog, babban yaron uban 'yan dabar, shi kaɗai, kuma da ƙyar suka sha. Ka rubuto mini abin da ya ce.